Daka ne, niƙa ne, ko murjewa? Zancen kalmar «mash»

 

Yau zancenmu a kan kalma guda ne, ƴar ƙarama, ta Ingilishi: «mash». Wani zai ce mi ya haɗa mu da ita, mu da muka yi lakwal da Faransanci? To ai ta riga ta shigo gidajenmu ba sallama, kuma ta ƙofa uku ta shigo. Ta farko, bidiyon girke-girke da matan Kano, Kaduna da Abuja ke sakawa a TikTok da Facebook, waɗanda ƙannenmu mata ke kallo dare da rana: «Idan dankalinki ya dahu, sai ki yi mashing ɗinsa.» Ta biyu, buhunan abincin kaji da ke zuwa daga Najeriya, mai kiwon kaji ya saba ganin «chick mash» ko «layers mash» rubuce a jikin buhu. Ta uku, samarin da ke haɗa kiɗa a wuraren biki, masu cewa sun yi «mashup». Saƙonni sun zo mana ana tambaya: shin kalma ɗaya ce ko uku? Kuma da Hausa mi za a ce?

Tambaya ta farko ba ta da wuya. Kalma ɗaya ce, kuma tsohuwa ce ƙwarai a Ingilishi, ta yi kusan shekara dubu. Asalinta wurin masu dafa giya take: idan suka ɓarza tsiron sha'ir suka jiƙa shi da ruwan zafi, wannan cakuɗen shi ake kira haka. Daga nan ta wuce barga, ta zama sunan dusar da ake damawa da ruwan ɗumi a ba doki ko saniya, kamar dai yadda muke dama wa tumakin layya dusa. Nan abincin kaji ya samo sunansa: masara ce da waken soya da dusa aka ɓarza aka gauraya, ba a dunƙule su ƙwaya-ƙwaya ba. Sannan ta shiga madafa. A dafa dankalin turawa ya yi luguf, a danne shi har ya zama kamar tuwo mai laushi, a sa masa man shanu da madara. Shi ne abin da Faransawa ke ce wa «purée». A Ingila, in ka ce «mash» kawai ba ka ƙara komi ba, dankalin nan za a kawo maka.

Kalmar ta yi yawo bayan haka. A arewacin Ingila akwai inda ake amfani da ita wajen jiƙa ganyen shayi a ruwan zafi. A kudancin Amurka ana faɗinta wajen danna maɓalli. A Burokan Ingilishi na Najeriya da Kamaru tana nufin takawa, a taka birki ko a taka ƙafar wani. A Jamaika, in an ce abu ya yi «mash up», to ya ragargaje. Makaɗan zamani kuwa suka ɗauke ta don waƙa biyu da aka cusa cikin juna har suka zama ɗaya. A Gana, ƴan'uwanmu na zango sun san «mashke»: kenke ne ake damawa da ruwan sanyi, a sa sukari da madara, a watsa gyaɗa a kai. Sai dai kada a ruɗe da «mashin». Wannan daga «machine» ta fito, babu dangantaka tsakaninsu, kuma in kun je Kano kuka ce mashin, babur za a nuna muku.

In kun lura, zare ɗaya ne ya ratsa yawancin ma'anonin nan: abu mai laushi ko mai danshi, a danne shi har siffarsa ta ɓace. Don busasshiyar ƙwaya mai tauri, Ingilishi na da wasu kalmomin dabam, «pound» da «grind» da «crush». Faransanci ma haka: «piler», «moudre», «broyer», «concasser», «écraser». Saboda haka kada wani ya ce harshen Bature ne matalauci a nan. Mu ne dai idan muka aro, sai mu aro ɗaya mu jibga mata kayan goma. Ƴar Kano ta ce «mashing» da «blending» ga komi, ƴar Yamai ta ce «ki ekraze shi» ko «ki mikse shi» ga komi.

Tambaya ta biyu ita ce ta tsayar da mu: da Hausa mi za a ce? Amsa ita ce sai an faɗi wane abinci, kuma a wane hali yake.

Mu ɗauki hatsi, wanda ƴan Kano ke ce wa gero, abin da ƙasarmu ke cikin manyan masu nomansa a duniya. Daga zangarniya zuwa bakin mai ci, ku ƙirga sau nawa yake shiga turmi, kuma kowace shiga da sunanta. An fiddo dami daga rumbu, a kakkarya zangarniya a zuba a turmi, a buga har ƙwaya ta rabu da ita: sussuka kenan. A ɗaga ƙwarya sama a zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi: shiƙa. Abin da ya rage shi ne tsaba. A yayyafa wa tsabar ruwa kaɗan, a mayar da ita turmi, a buga da dabara don a tuɓe mata riga ba tare da an farfasa ta ba: surfe. A bakace da faifai dusa ta fita. A wanke, ruwan wankin shi ne ƙasari, rabon dabbobi. A bar hatsin ya tsane. Sai a lokacin ne za a yi dakan gari. A tankaɗe da rariya, gari ya sauka, tsaki ya tsaya sama, a mayar da tsakin turmi a yi ribɗi har shi ma ya yi laushi.

In hura za a yi, aiki bai ƙare ba. A haɗa garin da citta da kanumfari da masoro, a cura shi manyan dunƙule, a jefa a tafasasshen ruwa. In ya dahu a tsamo shi da zafinsa a sake mayar da shi turmi. Wannan bugun ba a ce masa daka, kirɓi ake cewa, don abin da ke cikin turmin yanzu dafaffe ne, mai danƙo, yana kama taɓarya. A mulmula, a barbaɗa gari, ga dawo ya samu. Sai ƙwarya da ludayi da nono, a dama. Ƴan'uwanmu Zabarmawa, da muke zaune gida ɗaya da su a garin nan, su ma suna da nasu jerin: turmi «humburu», taɓarya «hinji», daka «duru», hura kuma «doonu». A littafin lakwal kuwa, duk wannan doguwar tafiya kalma biyu ce: «piler», sannan «la boule».

Mu bar hatsi mu duba sauran kayan madafa. Niƙa shi ne a mayar da busasshen abu gari lilis, dā a kan dutsen niƙa da ɗansa, yau a inji. Ɓarza shi ne a fasa shi tsaki-tsaki, kamar masarar dambu da za a haɗa da zogala. Markaɗe sai da ruwa: jiƙaƙƙen wake na ƙosai, jiƙaƙƙiyar shinkafa ta masa, tumatir na miya, kuma abin da ya fito ƙullu ne ko ruwa-ruwa. Jajjage shi ne a ɗan bubbuga tattasai da albasa da barkono a ƙaramin turmi, su fashe amma ana ganin kowa da kamanninsa. Duk mai girki ta san miyar da aka yi da jajjagen albasar Galmi da tattasan Difa dabam take da wadda aka markaɗa lilis, ko da kayan ɗaya ne. Dandaƙa na ƙashi ne, ko ɗanyar citta, ko naman da za a yi dambu da shi. Marmasa da yatsu ake yi, kamar ƙuli-ƙulin da za a zuba kan kwaɗon zogala, kopto kenan a bakin mutanen Yamai.

Sai rukuni na ƙarshe, na abu mai laushi, kuma nan ne «mash» ke zaune. Dafaffen dankali, ko na turawa irin na Bonkuku ko kudaku, murje shi ake yi da bayan cokali ko ludayi. Nunanniyar ayaba a latse ta. Dafaffen wake a mutsuttsuke shi da hannu. Kabewa in ta daɗe a wuta da kanta take dagargajewa, shi ya sa fate ke yin kauri. Doya a turmi kirɓa ta ake yi ta zama sakwara. Kenken mutanen Gana damawa ake yi, kamar hurarmu. Abincin kajin nan ɓarzajje ne. Kiɗan samarin nan kuwa ai muna da sunansa tun ba a haife su ba: haɗin gambiza.

Wani zai ce to, duk wannan ai zancen malaman harshe ne, a bar wa ƴan Jami'ar Abdu Mumuni. Ku saurari abin da ya faru a wani shirinmu na lafiya. Mun gayyato wata ma'aikaciyar gidan likita, mace mai sanin aikinta, ta yi bayani kan abincin yaro in ya cika wata shida. Da Hausa take magana, amma kun san halinmu mu ƴan lakwal, Faransanci na tsallakowa ba a kira shi ba. Ta ce a ba yaro abinci «bien écrasé». Ta faɗa sau biyu, sau uku. Sai waya ta shigo, wata dattijuwa daga Talaje.

Ta ce: «Ƴaƴana ƴan radiyo, ku tambayar mini likita. Abin ga da take ta faɗi, dakawa za a yi ko niƙawa? Don mu dai ba mu da injin Nasara cikin ɗaki.»

Baƙuwarmu ta yi dariya ta ce: «Inna, ba turmi, ba inji. Kudaku za ki dafa ya yi luguf, ki sa bayan cokali ki murje shi, ki ɗiga mai kaɗan, ki ba jikanki.»

Dattijuwar ta ce: «Ashe murjewa! To ɗiyata, mi ya hana ki ce haka tun ɗazu?»

Mun yi dariya a ɗakin watsa shiri, amma tambayarta ba ta dariya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Daga wata 6 zuwa 8, a ba shi kunu mai kauri da abinci murjajje sau 2 zuwa 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4, murjajje ko yankakke ƙanana. Daga shekara 1 ya shiga cin abincin gida. A takardun hukumar na Ingilishi, kalmar da ke wurin ita ce «mashed». Aka juya ta zuwa Faransanci, daga Faransanci ta zo bakin ma'aikaciyar awo, daga nan ta zo bakinmu mu ƴan radiyo, daga bakinmu zuwa kunnen uwa a Kwara Tegi ko Harobanda. In ta karkace a hanya, yaro ne zai biya.

Ku duba yadda take karkacewa. In muka ce «a daka», uwa za ta fahimci busasshen gari, ta koma ga kunun nan tsululu da aka saba, wanda rabinsa ruwa ne. Cikin jariri kuwa bai fi ƙaramin kofi ba. Ruwa ya cika shi, ya yi shiru kamar ya ƙoshi, alhali bai ci komi ba. Shi ya sa masu aikin lafiya ke cewa kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali in an karkata shi. In muka ce «a niƙa» ko «a mikse», sai ta ɗauka abin na masu hali ne, masu na'urar markaɗe da wuta, ko masu kuɗin garin gwangwani na farmasi, ta ce wannan ba da ita ake ba. In muka ce «a ba shi gyaɗa» muka yi shiru, wata za ta miƙa masa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ta shaƙe shi. Amma in muka ce a murje kudaku ko kabewa, a murje gwaiduwar dafaffen ƙwai, a marmasa kifi bayan an cire ƙaya, a dama cokali guda na tigadege cikin kunu, to kowace uwa ta san abin da hannunta zai yi, kuma yawancin kayan suna cikin tukunyar da ta riga ta ɗora.

Ƙasarmu ta san tamowa, ba sai an ba mu labari ba. Waɗanda suka yi wayo sun tuna 2005. Tun shekarar nan masana'antar STA da ke nan Yamai ke yin Plumpy'Nut, abincin da ake ba yaran da tamowa ta kama sosai. Ku buɗe ledarsa ku gani: markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce aka haɗa da madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Magani ne, likita ke ba da shi, kuma ya ceci rayuka da yawa. Amma kafin yaro ya kai ga buƙatarsa akwai watanni da cokali da ƙwarya za su iya tare hanya, in bayanin ya iso kunnen uwa daidai.

Akwai wani abu kuma da ke tafiya tare da kalmomin nan in suka tafi. Ku saurari Hausar da muke yi kullum, har a labaran ƙarfe takwas. Mukan ce tsabar kuɗi, tsabar ƙarya, tsabar rashin kunya. Yaro nawa ne a Yamai ya san tsaba ita ce ƙwayar da ta rage bayan an shiƙe ƙaiƙayi, shi ya sa take nufin abu zalla ba gauraye? Mukan ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Wanda bai taɓa ganin iska ta juya wa mace tana shiƙa ba, ta ina zai ji daɗin maganar? In za a tace ƴan takara ko sababbin ma'aikata, a ce ana tankaɗe da rairaya. In an yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa, a ce luguden wuta. In an yi ta surutu ba aiki, luguden leɓe. Lugude kuwa shi ne mata biyu ko uku su kewaye turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya ba su karo, wata ma ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe. Mukan ce ya daka masa tsawa, ya daka tsalle, an daka wawa a kan kaya. Ta surfa masa zagi. Sun kirɓa ɓarawo. Ya niƙi hanya da ƙafa. In aka yi abu cikin gida ba hannun bare, a ce dakan ɗaka, shiƙar ɗaka. Ko a fagen ƙwallo, inda ɗan jaridar Faransanci zai ce wata ƙungiya ta «écrasé» wata, mu sai mu ce an casa su. Rabin zafin harshenmu daga tsakar gida ya fito, daga hannun mata.

Kada ku ɗauka kira muke a koma turmi. Wallahi a'a. Wanda ke yabon daka yawanci ba shi ke yi ba. Ku dubi tafin hannun iyayenmu mata ku ga kanta. Ku tambaye su ciwon baya da na kafaɗa. Ku tambayi yarinyar ƙauye da ke tashi tun asuba ta yi surfe da daka kafin ta tafi lakwal, in ma an bar ta ta tafi. Ku dubi matan da ke zuwa cin rani Yamai suna dakau da surfau a unguwanni da bakin kasuwa, yini guda cikin rana don ƴan daloli. Injin niƙa rahama ne, kuma duk ƙauyen da ya samu nasa, mata sun samu awoyin da dā turmi ke cinyewa. Mai inji ma in kun lura bai yar da kalmomin ba. In yarinya ta kawo tiyar masara zai tambaye ta: «Niƙa ko ɓarza?» In ta kawo jiƙaƙƙen wake ya nuna mata injin markaɗe, don ba a haɗa shi da na gari. Shi sana'arsa ta tilasta masa ya rarrabe. Mu masu magana da masu rubutu ne muke haɗe su wuri ɗaya.

Kuma mun ga ranar da sanin ya yi amfani. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba ta dawo ba sai Maris 2024. Kun tuna yadda kuran ke tafiya awoyi. Injinan da ke aiki da wuta suka yi tsit, masu aiki da gazuwal layi ya yi musu yawa, robobi da bokitai jere har bakin titi. A gidaje da yawa aka jawo turmi daga bayan ɗaki aka wanke. Nan aka ga bambanci. Gidan da ke da tsohuwa, ko matar da ta tashi a ƙauye, an ci tuwo a kan lokaci. Wasu ƴanmatan kuwa da aka ce su surfa hatsi, sai suka hau shi da ƙarfi ba ko yayyafin ruwa, suka farfasa shi da dusarsa. Ba laifinsu ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya musu surfe dabam, daka dabam.

Mu kanmu ina muka koyi namu? A aji mun sha wahalar kalmar «moudre», wadda ke canza kama kamar hawainiya: «je mouds», «nous moulons». Mushe na tsaye da bulala, mun haddace ta tsaf. A wasu makarantun ma, wanda aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a fili sai a rataya masa «symbole» a wuya. Ba a taɓa tambayarmu a jarrabawa bambancin ɓarza da ribɗi ba. Abin da muka sani na wannan fanni a gindin turmi muka tsince shi, muna jiran a ɗan ba mu gumba. Yaran da ke tasowa yanzu a gidajen haya na Yamai, da yawansu ko wannan makarantar ta gindin turmi ba su samu ba.

A watan Maris 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ya kuma lissafa sauran harsunanmu. An yi ta muhawara a kai, kowa da ra'ayinsa, kuma ba ita muka zo tayarwa yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne wannan: tun da Ingilishi ya samu kujera kusa da Faransanci, kalmomi irin «mash» za su ƙaru a bakinmu, ba za su ragu ba. Aro ba abin kunya ba ne. Mun ari mota, mun ari radiyo, mun ari inji, don ba mu da su. Amma a ari kalma ɗaya a rufe goma da ake da su a gida, wannan asara ce. Hausawa na cewa kowa ya daka ta wani, zai rasa turmin daka tasa. Takardar gwamnati na iya ɗaga harshe, amma ba ta iya koya wa yaro mi ake nufi da bakace. Wannan aikin uwa ne da kaka, da malamin aji, da mu da ke riƙe da makirfo.

Saboda haka ga abin da muka ɗaukar wa kanmu a shirye-shiryenmu. Duk baƙon da ya ce «écraser» ko «mixer» a kan abinci, za mu tsayar da shi cikin ladabi mu ce: da mi za a yi, da turmi, da inji, ko da cokali? Busasshe ne ko dafaffe? Ya faɗi wadda uwa za ta gane. Ku ma ma'aikatan awo da masu fassara takardun lafiya, don Allah kafin ku rubuta «a niƙa», ku tambayi wata tsohuwa a gidanku. Ƴanmata masu kallon bidiyon girki, ku ci gaba da kallo, akwai ilimi a ciki. In kun ji «mashing», ku sani murjewa ake nufi, kuma kakarku ta riga mai bidiyon iyawa. Iyaye, in kuna aiki a tsakar gida yara na kusa, ku riƙa kiran aikin da sunansa, har da yara maza.

Mun san kuma Hausar Yamai ba ita kaɗai ba ce. Mutanen Dogonduci, Tawa, Maraɗi da Damagaram, kowa da yadda yake faɗin nasa, kuma akwai kalmomin da ba su zo cikin jerinmu ba. Ku aiko mana da su, ku faɗi garinku da abincin da ake yi wa aikin. Masu jin Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, ku ma ku kawo naku mu jera su gefe da gefe. Za mu karanta su a shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

A gaida mutanen gida, musamman masu riƙe da taɓarya. Mu kwana lafiya.